FANSHO A GABAN ALƘALI: NAZARI KAN SHARI'AR RAGE FANSHON MA'AIKATAN JAMI'O'IN JIHAR ILINOI TA AMURKA

1.0 GABATARWA

Duk malamin da ya kama aikin koyarwa a jami'a ko kwaleji ya san cewa ladan aikinsa kashi biyu ne. Akwai wanda ake miƙa masa a ƙarshen kowane wata, akwai kuma wanda ake jinkirta masa sai ranar da ƙarfi ya ƙare, alli ya gagari hannu. Wannan kashi na biyu shi ne fansho. To, tambayar da ta sa muka rubuta wannan takarda ita ce: idan gwamnati ta shiga ƙuncin kuɗi, shin tana da ikon rage wannan kashi na biyu, alhali kuwa ma'aikaci ya riga ya yi aikin, ko kuwa ya yi nisa a cikinsa?

Domin amsa wannan tambaya, mun zaɓi mu dubi abin da ya faru a Jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka tsakanin shekarar 2013 da 2015, lokacin da Majalisar Dokokin jihar ta kafa dokar rage fansho, ma'aikata da 'yan fansho kuma, har da na jami'o'i, suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta jihar ta rushe dokar ɗungurungum. Za mu fara da matsayin fansho a dokar Amurka, sa'an nan mu bayyana yadda giɓi ya samu a asusun, da abin da dokar 2013 ta ƙunsa, da hujjojin da kowane ɓangare ya kawo. Daga nan za mu kwatanta hukuncin da na wasu jihohi, mu dubi abin da ya biyo baya, kana mu rufe da abin da ya shafe mu.

2.0 MATSAYIN FANSHO: KYAUTA KO YARJEJENIYA

A da can, kotunan Amurka sun ɗauki fanshon ma'aikacin gwamnati tamkar kyauta ce daga hukuma, wadda mai bayarwa yake iya ragewa ko ya janye in ya ga dama. Misalin da ya fi dacewa da wannan taro namu ya fito ne daga Jihar Ilinoi ɗin kanta. A shekarar 1926 aka yi wata doka wadda ta tanadi dala 1,500 a shekara ga malaman makarantun birnin Shikago da aka yi wa ritaya. Da tattalin arziki ya karye, sai a 1935 Majalisa ta mai da kuɗin dala 500, har ga waɗanda suka riga suka bar aiki. Malaman suka kai ƙara, magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka a shari'ar da aka sani da sunan Dodge, a 1937. Kotu ta yanke cewa dokar 1926 ba ta ƙulla yarjejeniya tsakanin malamai da hukuma ba, saboda haka Majalisa tana da ikon canza ta. Watau dai an zabge wa tsofaffin malamai kashi biyu cikin uku na abin da suka dogara da shi, kuma shari'a ba ta cece su ba.

Irin wannan ne ya sa Jihar Niyok ta sanya wani sashe a tsarin mulkinta na 1938 wanda ya mai da fansho yarjejeniya. Da aka zo sake rubuta tsarin mulkin Ilinoi a 1970, ma'aikatan jami'o'i suna cikin waɗanda suka matsa wa wakilai lamba a kan a yi koyi da Niyok. Wakilai biyu, Henry Green da Helen Kinney, su ne suka gabatar da shawarar, aka kuwa amince da ita, ta zama sashe na 5 na babi na 13. Jama'a suka jefa ƙuri'ar amincewa da tsarin mulkin a watan Disamba na 1970, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1971.

Abin da sashen ya ƙunsa abu biyu ne. Na farko, shigar mutum cikin kowane tsarin fansho na jiha, ko na ƙaramar hukuma, ko na hukumar makarantu, yarjejeniya ce wadda ake iya neman kotu ta tilasta a cika ta. Na biyu, ba a rage amfanin da ke cikin wannan yarjejeniya, ba a kuma tauye shi. Sai dai akwai abin da sashen bai faɗa ba, kuma a nan gizo yake saƙa: bai tilasta wa gwamnati ta zuba wani adadi na kuɗi cikin asusun kowace shekara ba. Kotun Ƙoli ta jihar ta tabbatar da haka a shari'ar Lindberg ta 1975, da ta McNamee ta 1996, da ta Sklodowski ta 1998. A duk ukun an nuna cewa haƙƙin ma'aikaci shi ne a biya shi fanshonsa idan lokaci ya yi, amma yadda za a tara kuɗin ya rage ga Majalisa.

3.0 ASUSUN JAMI'O'I DA YADDA GIƁI YA SAMU

Jihar Ilinoi tana da manyan asusun fansho guda biyar: na malaman makarantu, da na jami'o'i, da na ma'aikatan gwamnati, da na 'yan Majalisa, da na alƙalai. Asusun jami'o'i, wanda aka fi sani da SURS, an kafa shi a 1941, hedkwatarsa tana garin Champaign. Ya haɗa malamai da sauran ma'aikata na jami'o'in gwamnati da kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu. Ana cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100 na albashinsa a zuba cikin asusun. Wani abin lura kuma shi ne, galibin ma'aikatan nan ba sa cikin tsarin tallafin tsufa na Gwamnatin Tarayya ta hanyar aikinsu na jami'a. Ke nan ga mutane da yawa, wannan fansho shi ne tudun dafawa guda ɗaya tak.

Kuɗin asusu irin wannan yana fitowa ta hanya uku: abin da aka cire wa ma'aikata, da abin da gwamnati ta zuba, da ribar da aka samu ta jujjuya kuɗin a kasuwa. Idan aka lissafa dukkan abin da asusu zai biya nan gaba, aka ɗebe abin da yake hannu, ragowar ita muke kira giɓi. Kason ma'aikata bai taɓa fashi ba, tun da daga tushe ake cire shi. Kason gwamnati ne ya riƙa zuwa a gutsure, shekara da shekaru. Ba kuwa sabon ciwo ba ne, domin tun a 1917 wani kwamiti na jihar ya ba da rahoton cewa asusun fansho suna cikin haɗari. A lokacin taron tsarin mulki na 1970, abin da ke cikin asusun bai wuce kusan kashi 42 cikin 100 na abin da ake bukata ba. A watan Yuni na 2013, bayan shekara arba'in da 'yan kai, adadin yana kashi 41 da ɗoriya. Watau ba a gusa ko nan da can ba.

A 1994, zamanin Gwamna Jim Edgar, an yi doka ta shekara 50 da nufin a cike kashi 90 cikin 100 kafin 2045. Amma an tsara biyan ne ta yadda zai yi sauƙi a shekaru 15 na farko, nauyin kuma ya koma kan na baya. A 2003, zamanin Gwamna Rod Blagojevich, jihar ta ci bashin dala miliyan dubu 10 ta hanyar sayar da takardun lamuni don ta tallafa wa asusun, sa'an nan a shekarun kuɗi na 2006 da 2007 ta rage abin da ya kamata ta zuba da fiye da dala miliyan dubu 2. Daɗin daɗawa, karyewar kasuwannin kuɗi ta 2008 ta cinye wani ɓangare na jarin. A watan Maris na 2013, Hukumar Kula da Cinikin Hannun Jari ta Amurka ta tuhumi jihar da ɓoye wa masu sayen takardun lamuninta gaskiyar halin da fansho yake ciki. A wannan shekara giɓin asusun biyar ya kai wajen dala miliyan dubu 100.

4.0 DOKAR 2013

Ranar 3 ga Disamba, 2013, Majalisar Dokokin jihar ta zartar da shirin gyaran fansho, da ƙuri'a 30 da 24 a Majalisar Dattijai, 62 da 53 a ta Wakilai. Gwamna Pat Quinn ya sa hannu bayan kwana biyu, aka ƙayyade dokar za ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2014. Masu goyon bayanta sun ƙiyasta da farko cewa za ta rage wa jihar kashe kuɗi har dala miliyan dubu 160 cikin shekara 30. Dokar ta shafi asusu huɗu, ba ta taɓa na alƙalai ba. Manyan abubuwan da ta canza su ne kamar haka:

(a) Ƙarin shekara-shekara. Tun daga 1990, ɗan fansho yana samun ƙarin kashi 3 cikin 100 kowace shekara, kuma ƙari ne mai hawa kan ƙari, wanda yake ninka fansho cikin shekara 24. Sabuwar doka ta ce ba a kan dukkan fansho za a lissafa kashi 3 ɗin ba, sai dai a kan dala 1,000 sau yawan shekarun aiki, idan wannan ya gaza fanshon. Alal misali, a ɗauka malami ya yi shekara 25 yana aiki, fanshonsa dala 60,000. A tsohon tsari ƙarinsa na shekarar farko dala 1,800 ne. A sabon tsari za a lissafa ne a kan dala 25,000, ƙarin ya zama dala 750. Ko da yake an tanadi ita dala 1,000 ɗin ta riƙa hawa gwargwadon tsadar kaya, tazarar da ke tsakanin tsarin biyu tana ƙara faɗi ne muddin mutum ya yi tsawon rai.

(b) Tsallake ƙari. Waɗanda suke bakin aiki za su rasa ƙarin shekara daga sau 1 zuwa sau 5 bayan sun yi ritaya, gwargwadon shekarunsu na haihuwa. Mafi ƙuruciya shi ne mafi hasara.

(c) Shekarun ritaya. An ƙara wa masu shekara 45 zuwa ƙasa lokacin jira, har zuwa shekara 5.

(d) Iyakar albashi. An sa iyaka ta wajen dala 110,000 ga albashin da za a yi lissafin fansho da shi.

(e) Hanyar lissafi. An rage kuɗin ruwan da ake amfani da shi a wata hanyar lissafin fansho wadda ma'aikatan jami'o'i da yawa suka dogara da ita.

A madadin haka, dokar ta rage kason ma'aikaci da kashi 1 cikin 100, ta kuma ba hukumomin asusun izinin kai gwamnati ƙara idan ta ƙi zuba kasonta. Abu na (e) ya jawo wa jami'o'i ruɗani na musamman, domin a farkon 2014 aka gano an yi kuskuren kwanan wata wajen rubuta sashen, har ma'aikata da dama suka ga cewa in ba su ajiye aiki kafin ƙarshen Yuni ba, za su yi hasara mai yawa. Shugabannin jami'o'i suka shiga fargabar rasa manyan malamai a lokaci guda.

5.0 MAGANA A KOTU

5.1 Masu ƙara

An shigar da ƙararraki biyar. Malaman makaranta masu ritaya ne suka fara, a shari'ar Heaton da Quinn, sai ƙungiyoyi biyu na ma'aikatan jiha da tsofaffinsu, sai gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago, sai kuma Ƙungiyar 'Yan Fanshon Jami'o'in Jiha, wadda ta shigar da tata a gundumar Champaign. Aka haɗe su duka a kotun gundumar Sangamon da ke Springfield, babban birnin jihar, a gaban Mai Shari'a John Belz. A watan Mayu na 2014 ya ba da umurnin dakatar da dokar har sai an gama shari'a, wanda hakan ya kwantar da hankalin jami'o'i.

Ana cikin haka sai Kotun Ƙoli ta jihar ta yanke wani hukunci ranar 3 ga Yuli, 2014, a shari'ar Kanerva da Weems. Wata doka ta 2012 ta ɗora wa masu ritaya biyan wani ɓangare na kuɗin inshorar lafiya wanda a da jihar take ɗauke musu. Alƙalai shida cikin bakwai suka ce shi ma wannan tallafi amfani ne da ya samo asali daga zama ɗan tsarin fansho, don haka sashe na 5 ya kare shi. Daga nan masu lura suka fara hango inda aka dosa, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ranar 21 ga Nuwamba, 2014, Mai Shari'a Belz ya ce dokar 2013 ta saɓa wa tsarin mulki. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara.

5.2 Hujjar gwamnati

Ofishin Babbar Lauyar jihar, Lisa Madigan, bai tsaya jayayya a kan ko dokar ta rage fansho ba. Hujjarsa ita ce, tun da tsarin mulki ya kira fansho yarjejeniya, to ya zama kamar kowace yarjejeniya, kuma sananne ne a dokar Amurka cewa hukuma tana da ikon taɓa yarjejeniya idan maslahar jama'a ta tilasta. An kafa hujja da cewa karyewar tattalin arziki ta 2008 abu ne da ba wanda ya zata, cewa mutane suna ƙara tsawon rai, kuma idan aka ci gaba a haka fansho zai cinye kuɗin makarantu da asibitoci da tsaro. Lalle wannan hujja ba ta banza ba ce. Tun a 1934, a shari'ar Blaisdell, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yarda jiha ta jinkirta wa masu bin bashi karɓe gidajen jingina saboda halin ƙunci da ake ciki.

5.3 Hukuncin Kotun Ƙoli

An saurari ɓangarorin biyu a watan Maris na 2015, aka yanke hukunci ranar 8 ga Mayu. Dukkan alƙalai bakwai bakinsu ya zo ɗaya, Mai Shari'a Lloyd Karmeier ne ya rubuta hukuncin. Za mu iya taƙaita dalilansu zuwa huɗu.

Na farko, kariyar da sashe na 5 ya bayar tana farawa ne daga ranar da mutum ya kama aiki ya shiga tsarin, ba daga ranar ritaya ba. Kotu ta riga ta bi wannan hanya a shari'ar Felt ta 1985, da ta Buddell ta 1987, wadda ita ma ta shafi wani ma'aikacin jami'a da aka nemi hana shi sayen shekarun da ya yi a aikin soja don a lissafa masa su.

Na biyu, ko da an auna dokar da ma'aunin sauran yarjejeniyoyi, ba za ta tsira ba. Tun a 1977, a shari'ar da ta shafi Jihar Niyu Jasi, Kotun Ƙoli ta Amurka ta nuna cewa idan hukuma tana neman sauke bashin da ke kanta ita kanta, ba a karɓar uzurinta ido rufe. Giɓin kuwa abu ne da aka daɗe da sani, kuma Majalisa ce ta fi kowa hannu wajen haifar da shi. Bugu da ƙari, akwai wasu hanyoyi da ba a bi ba, kamar sake tsara lokacin biyan giɓin ko ƙara haraji. Kotu ta lura cewa harajin kuɗin shiga da aka ɗaga daga kashi 3 zuwa kashi 5 a 2011, an bar shi ya sauko zuwa 3.75 a farkon 2015, a daidai lokacin da jihar take kukan babu.

Na uku, ikon mulki na jama'a ne, Majalisa wakiliya ce kurum. A wasu sassan tsarin mulkin an rubuta ƙarara cewa haƙƙi kaza yana ƙarƙashin ikon kare maslahar jama'a, amma ba a rubuta haka a sashe na 5 ba. Abin da jama'a suka hana Majalisa, ba ta da hanyar ba kanta shi. Kotu ta kuma nuna cewa shiga matsi ba dalilin yin watsi da doka ba ne, domin a irin wannan lokaci ne ake bukatar ta.

Na huɗu, tun da ita dokar da kanta ta ce muhimman sassanta a ɗaure suke da juna, faɗuwar wasu ta ja sauran. Saboda haka aka soke ta baki ɗaya. Jihar ba ta kai maganar Kotun Ƙoli ta Amurka ba.

6.0 YADDA ABIN YAKE A WASU JIHOHI

Kada mai sauraro ya ɗauka cewa haka hukunci yake a ko'ina cikin Amurka, domin kowace jiha da irin tata doka. A Kolorado, inda aka rage ƙarin shekara a 2010, Kotun Ƙoli ta jihar ta yanke a 2014 cewa 'yan fansho ba su da yarjejeniya a kan wani adadin ƙari na dindindin. A Niyu Jasi ma, a 2016, kotu ta amince da dakatar da ƙarin. A Oregon kuwa, a shari'ar Moro ta Afrilu 2015, an raba gardama: ba a taɓa ƙarin da ya hau kan aikin da aka riga aka yi, amma ana iya canza wanda zai hau kan aikin gaba. A Arizona, wadda take da sashe mai kama da na Ilinoi, kotu ta soke ragin a 2014, sai aka koma ga jama'a, suka yi wa tsarin mulki gyara ta ƙuri'a a 2016 da 2018 dangane da wasu rukunan ma'aikata. Har ila yau akwai birnin Detroit, inda alƙalin kotun tarayya ya yanke, a ranar nan ta 3 ga Disamba, 2013, cewa birnin da ya bayyana karyewarsa yana iya rage fansho duk da kariyar tsarin mulkin Jihar Mishigan. Amma wannan ƙofa a buɗe take ga birane kawai, dokar tarayya ba ta ba jiha ita ba.

Abin da ya fito fili daga wannan kwatanci shi ne, sakamakon shari'a ya rataya ne a kan tambaya biyu: mene ne ainihin lafazin da aka rubuta, kuma yaushe ne haƙƙi yake tabbata, ranar kama aiki, ko wata-wata yayin da ake aikin, ko ranar ritaya.

7.0 ABIN DA YA BIYO BAYA

Masu ƙara sun yi nasara, kuma a Maris 2016 kotu ta sake soke irin wannan doka da aka yi wa ma'aikatan birnin Shikago. Amma hukunci bai zuba ko dala ɗaya cikin asusu ba. A shekarar 2023 giɓin ya haura dala miliyan dubu 140. To, wa ya ɗauki nauyin?

Da farko akwai sababbin ma'aikata. Tun a 2010 aka yi doka cewa duk wanda ya kama aiki daga 1 ga Janairu, 2011, yana cikin rukuni na biyu: cikakken fansho sai ya kai shekara 67, ƙarinsa kuwa rabin hauhawar farashi ne ko kashi 3, wanda duk ya fi ƙanƙanta, kuma ba mai hawa kan ƙari ba. Duk da haka kashi 8 ɗin nan ake cire masa kamar na gabansa. Sashe na 5 bai hana wannan ba, domin wanda bai shigo ba tukuna ba shi da yarjejeniyar da za a tauye. Ke nan malamai biyu suna iya zama ofis ɗaya, suna koyar da darasi ɗaya, amma tsufansu ya sha bamban.

Na biyu akwai jami'o'in kansu. Daga Yuli 2015 zuwa Yuli 2017 jihar ta zauna babu cikakken kasafin kuɗi saboda saɓani tsakanin Gwamna Bruce Rauner da Majalisa, wanda batun haraji da kashe kuɗi yake cikinsa. Jami'o'i suka sha wuya ƙwarai, har Jami'ar Jiha ta Shikago ta sallami ma'aikata wajen 300 a 2016. Daga shekarar kuɗi ta 2022, abin da jihar take zubawa a asusun SURS kaɗai ya zarce dala miliyan dubu 2 a shekara, mafi yawansa kuwa biyan bashin baya ne.

Na uku akwai masu biyan haraji, domin a 2017 an mai da harajin kuɗin shiga kashi 4.95. A 2018 kuma aka ɓullo da hanyar da ba ta saɓa wa hukuncin ba, watau a yi wa mai shirin ritaya tayin kuɗi dunƙule idan ya yarda, bisa son ransa, ya karɓi ƙaramin ƙari na shekara. Abin da aka kasa karɓa da ƙarfi, sai aka koma neman sa ta hanyar ciniki.

8.0 ABIN DA YA SHAFE MU

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya taɓo wannan batu, a sashe na 173 ga ma'aikatan tarayya, da na 210 ga na jihohi. Ya hana a riƙe wa mutum fanshonsa ko a canza shi ta hanyar da za ta cuce shi, ya kuma ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar, ko tare da gyaran albashi, duk wanda ya riga zuwa. Amma in an lura, hanin yana da togaciya, domin an ce sai fa gwargwadon abin da wata doka ta halatta. Wannan togaciya ita ce babu a sashen Ilinoi, kuma rashinta yana cikin abin da ya ba masu ƙara nasara.

Sa'an nan kuma, tun daga dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, Nijeriya ta koma tsarin karo-karo, inda ma'aikaci yake zuba kashi 8, mai aiki kuma kashi 10, cikin asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. A irin wannan tsari ba a yi alkawarin wani adadi a ƙarshe ba, abin da aka tara shi za a ci. Saboda haka ciwon Ilinoi, watau rashin zuba kason mai aiki a kan kari, ya fi haɗari a nan, domin kai tsaye yake faɗawa kan ma'aikaci. Dokar 2014 ta ce a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ta kuma sa tara ga wanda ya saɓa. Ya kamata ƙungiyoyinmu na malaman jami'o'i da kwalejoji su mai da bin diddigin wannan zubi aikinsu na kowane wata.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga yadda fansho ya tashi daga matsayin kyauta a shari'ar 1937, ya zama yarjejeniya a tsarin mulkin 1970, da yadda wannan canji ya sa Kotun Ƙoli ta Ilinoi ta soke dokar 2013. Mun kuma ga cewa sashen ya kare alkawari amma bai tilasta a tanadi abin cika shi ba, don haka gwamnatoci suka yi ta tura nauyi gaba har ya faɗa kan sababbin ma'aikata, da jami'o'i, da masu biyan haraji. Ra'ayinmu shi ne kotu ta yi daidai, domin alkawari kaya ne, kuma wanda ya ƙi yin tanadi ba zai kafa hujja da rashin tanadinsa ba. Amma muna ganin kariyar fansho ba ta cika sai an haɗa abu biyu a doka guda: hana ragewa, da tilasta zubawa a kan kari. Muna fata masana shari'a da masana tattalin arziki da ke cikin wannan zaure za su ɗora daga inda muka tsaya, musamman wajen nazarin togaciyar da ke cikin sashe na 173 da na 210, da yadda kotunanmu suke fassara ta.